Daidaita tsayin fulot a kafiretar tsohon babur

Daidaita tsayin fulot aiki ne da ake yi wa kafiretar babur domin man fetur ɗin da ke taruwa a kofinta ya riƙa tsayawa daidai inda kamfanin da ya ƙera ta ya tsara. Fulot wani ɗan abu ne mara nauyi, na tagulla ko na roba, da ke yawo a kan man da ke cikin kofin. Idan mai ya taso sai ya ɗaga shi, shi kuma ya tura wata 'yar allura ta toshe ƙofar da mai ke shigowa. Inda fulot ya rufe ƙofar, nan mai ke tsayawa. Aikin ya fi shafar tsofaffin babura na Japan da Ingila da Jamus da Italiya, da kuma ƙananan babura da har yanzu ake ƙerawa da kafireta. Sauran saitin kafireta, wato girman jet da sukurun iska da sukurun silo, duk sun dogara ne a kan matakin mai a kofi, shi ya sa ake fara tabbatar da shi kafin a taɓa su.

Yadda fulot ke aiki

Tsarin bai da bambanci da na tankin ruwan da ake ɗorawa a saman gida, wanda ƙwallon roba ke rufe masa famfo idan ya cika. Mai yana gangarowa daga tanki ta tiyo, ya bi ta wata 'yar ƙofa da ake kira mazaunin allura, ya zuba a kofi. Fulot yana rataye ne a kan wata siririyar ƙusa da ke tsakanin ginshiƙai biyu a jikin kafireta, kuma a tsakiyarsa akwai ɗan harshen ƙarfe da ke tokare da gindin allura. Yayin da inji ke shan mai, fulot yana ɗan sauka, allura ta buɗe, mai ya shigo, fulot ya koma sama. Idan babur na tafiya, allurar ba ta cika rufewa ruf ko buɗewa gaba ɗaya ba. Tana tsayawa ne a tsakani, tana barin mai ya shigo gwargwadon wanda ke fita.

Dalilin da ya sa matakin yake da muhimmanci yana cikin yadda kafireta ke jan mai. Babu famfon da ke tura mai cikin inji. Iskar da fistan ke zuƙowa ce ke ratsa wani maƙogwaro mai ƙunci a tsakiyar kafireta, saurinta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai wannan ragin matsi ya tsotso mai daga kofi ta cikin jet. Masanin Italiya Giovanni Battista Venturi ne ya bayyana wannan ɗabi'a a 1797, shi ya sa ake kiran maƙogwaron da sunansa. To dole ne mai ya hau daga inda ya kwanta a kofi zuwa bakin da yake fesowa. Idan ya kwanta can ƙasa, hawan ya yi tsawo, abin da ke isa inji ya ragu. Idan ya kwanta kusa da baki, ɗan tsotso kaɗan ya isa ya fito da mai mai yawa.

Milimita ɗaya ta man fetur tana daidai da matsin da bai wuce kimanin faskal 7 ba. Idan an buɗe totur gaba ɗaya, tsotson da ke maƙogwaro ya ninka wannan sau ɗaruruwa, saboda haka kuskuren milimita ɗaya ko biyu ba ya nuna kansa sosai. Amma lokacin tayar da inji, da lokacin da totur ya fara buɗewa, tsotson da ke kan babban jet kaɗan ne, kuma a nan ne kuskuren ke fitowa fili. Injin fetur yana ƙona mai sarai ne idan nauyin iska ya kai kimanin kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai, kuma tazarar da yake jurewa sama ko ƙasa da wannan ba ta da faɗi.

Asali

Kafiretocin farko ba su da jet, iska ce kawai ke bi ta saman fetur ta kwashi tururinsa. A 1893 injiniyan Jamus Wilhelm Maybach ya fito da kafireta mai fesa mai ta ƙaramin baki, haɗe da kofi mai fulot da ke riƙe mai a mataki ɗaya, kuma wannan tsari ne ya bazu. A babura na Ingila, kamfanin Amal ya daɗe yana yin kofin fulot daban a gefen kafireta. A kafiretocinsa na tsere ma kofin ba ya manne da jikin kafireta, tiyo ne ke haɗa su, kuma ana daidaita matakin mai ne ta ɗaga kofin gaba ɗaya ko sauke shi. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin ya fito da Monobloc, wadda kofinta ke haɗe da jikinta, sannan a 1967 ya fito da Concentric, wadda kofinta ke ƙarƙashin jet yana kewaye da shi, ta yadda karkatar babur a kwana ba ta canza matakin mai sosai. Irin wannan zubi ne Keihin da Mikuni na Japan suka fi amfani da shi.

Tsayin fulot da matakin mai

Abu biyu ne da ake yawan gwamutsawa. Matakin mai shi ne ainihin inda fetur ya kwanta a kofi, kuma shi inji ya sani. Tsayin fulot kuwa awo ne da ake yi a busasshiyar kafireta a kan tebur, don a yi hasashen inda man zai kwanta. Kamfani ya auna sabon fulot mai nauyin da ya dace, ya ga cewa idan an sa shi a tsayi kaza, mai zai tsaya a wuri kaza. Hasashen yana aiki ne muddin fulot ɗin bai sha mai ya yi nauyi ba, kuma allurar irin ta asali ce.

Akwai kuma wani ruɗani da ke tattare da kalmar tsayi. Ana auna fulot ne kafireta na kife ko a karkace, wato ƙasanta na kallon sama. Saboda haka idan lambar ta ƙaru, fulot ya yi nisa da jikin kafireta ke nan, wanda ke nufin idan an mayar da ita daidai zai rufe allura da wuri, mai ya tsaya ƙasa. Babbar lamba tana rage mai, ƙaramar lamba tana ƙara shi. Wanda kafiretarsa ke ambaliya, ya ji an ce a sauke fulot, ya je ya rage lambar, ya ƙara wa kansa matsala ne.

Alamomin kuskure

Idan mai ya yi yawa a kofi, fulogi yana yin baƙi da kunkunniya, salansa na fitar da baƙin hayaƙi mai warin fetur, babur yana shan mai fiye da ƙima. Yakan tashi da sauƙi da sanyin safiya ko ba a ja cok ba, amma idan ya yi zafi sai silo ya riƙa tangarɗa yana mutuwa. Idan abin ya yi tsanani, mai yana zuba ta tiyon ambaliya da ke ƙarƙashin kofi. A kafiretar da ba ta da wannan tiyo, ko wadda nata ya toshe, man yana gangarawa ne cikin inji. A injin da ke da baƙin mai a ƙasa, fetur yana ratsa gefen fistan ya gauraya da baƙin man, ya tsinka shi, har a ga ya ƙaru a ma'auni yana warin fetur. Wannan yana cinye ƙarafan inji a hankali. Idan kuma silinda ta cika da fetur cikin dare, fistan ba zai iya matse ruwa ba, kuma ƙoƙarin tayar da injin yana iya lanƙwasa sandar da ke riƙe da fistan.

Idan mai ya yi kaɗan, babur yana wahalar tashi, yana neman cok na dogon lokaci, yana shaƙewa idan an murɗa totur da sauri. A doguwar hanya da gudu sai ya riƙa yankewa kamar mai ya ƙare, a sassauta totur ya dawo, domin kofin yana ƙarewa kafin mai ya cika shi. Fulogi yana yin fari, inji yana zafi. Wannan ya fi na farko haɗari, domin ba ya zubar da komai a ƙasa balle a gani. A inji mai bugu biyu wanda ake gauraya wa baƙin mai a cikin fetur, ƙarancin fetur ƙarancin man shafawa ne, kuma ƙarshensa fistan ya kama.

Yadda ake aunawa

Ana rufe makunnin mai, a tsiyaye kofi ta sukurun ƙasa, a ciro kafireta, a kwance kofin. Sukurorin baburan Japan na da suna kama da na Phillips amma ƙirar JIS ce, kuma sukundireban da bai dace ba yana saurin cinye musu kai. Kayan awo rula ce ta ƙarfe mai milimita ko ma'aunin Vernier. Wasu kanikawa suna yanka kwali mai tauri ko gwangwani su yi masa ƙafafu biyu daidai tsayin da ake so, su riƙa ɗora shi a kan fulot.

Ana aunawa ne daga leɓen jikin kafireta, inda kofi ke zama, zuwa wuri mafi tudu a bayan fulot. A yawancin littattafan gyara ana nufin an cire gaskit, kuma idan leɓen yana da ɗan tudu a gefe, ba a kansa ake ɗora rula ba, a kan shimfiɗaɗɗen wurin da gaskit ke kwanciya ne. Kaurin gaskit kaɗai yana iya kai milimita ɗaya, wanda shi ne iyakar kuskuren da kamfanoni da yawa suka yarda da shi.

Wurin da awo ya fi lalacewa shi ne gindin allura. Yawancin allurai suna da ɗan tsinke a gindi da ke zaune a kan sifirin, an sa shi ne don ya shanye girgizar hanya kada bakin allura ya riƙa dukan mazauninsa. Idan aka kife kafireta gaba ɗaya, nauyin fulot yakan danne wannan tsinke, musamman fulot na tagulla ko sifirin da ya gaji, sai awon ya fito ƙasa da gaskiya. Mai gyara ya ga lamba ta yi kaɗan, ya ƙara ta, ya mayar da kafireta da ƙarancin mai. Hanyar kauce wa wannan ita ce a riƙe kafireta a tsaye, ƙusar fulot tana sama, fulot yana reto, sannan a karkata ta sannu a hankali har allura ta zauna kuma harshen ya taɓa tsinken ba tare da ya danna shi ba. A nan ake aunawa. Wasu suna haɗawa da hura iska ta tiyo mai tsabta da aka sa a bakin shigar mai: daidai inda iska ta daina wucewa, nan allura ta rufe.

Fulot mai ƙundu biyu ana auna kowane ɓangare. Idan sun bambanta, hannun da ke haɗa su ya murɗe, kuma sai an miƙe shi kafin a taɓa harshe.

Lanƙwasa harshe

Gyaran kansa bai wuce lanƙwasa ɗan harshen ƙarfen nan ba. Idan aka tura shi wajen allura, lambar tana ƙaruwa, mai ya ragu. Idan aka janye shi daga allura, lambar tana raguwa, mai ya ƙaru. Harshen yana kusa da ƙusa, ƙundun fulot kuwa yana nesa, saboda haka motsin da ido bai cika gani ba a harshe yana zama milimita biyu ko uku a ƙundu. Akan yi ta ciro fulot ana mayarwa sau uku ko huɗu kafin a dace.

Ba a lanƙwasa harshe fulot na zaune a wurinsa, domin ƙarfin yana sauka ne a kan bakin allura ya yi masa tabo. Ana zare ƙusar, a ɗauke fulot, a yi aikin da ƙaramin sukundireba ko siririyar filaya. Zare ƙusar ma yana buƙatar haƙuri. A wasu kafiretocin Mikuni tana matse a ginshiƙi ɗaya, ginshiƙan kuwa zubin ƙarfe ne mai gautsi, bugu ɗaya da guduma ba tare da an tokare su ba yana karya su, kuma kafiretar da ginshiƙinta ya karye da wuya ta koma daidai.

Gwajin tiyo

Tunda abin da ake nema shi ne matakin mai, akwai hanyar ganinsa kai tsaye. Ana sa tiyo mai haske wanda ake ganin cikinsa a bakin tsiyaye kofi, a lanƙwaso shi sama a jingina da gefen kafireta, a buɗe makunnin mai da sukurun tsiyaya. Mai zai hau cikin tiyo ya tsaya daidai da na cikin kofi. Dole babur ya tsaya cak a wuri mai baje, ba a kan jakin gefe ba, kuma kada kumfar iska ta maƙale a tiyo. Idan makunnin irin wanda tsotson inji ke buɗewa ne, ana juya shi zuwa inda aka rubuta PRI. Ba a sauke tiyo a sake ɗaga shi ana cikin awo, domin saukewar tana jawo ƙarin mai daga tanki, wanda zai koma kofi ya nuna matakin da ya fi na gaskiya.

Littattafan Kawasaki na manyan baburanta na shekarun 1970, irin su Z1 da KZ650, wannan awo suke bayarwa, kuma abin da suke nema shi ne mai ya tsaya kimanin milimita 3 ƙasa da leɓen jikin kafireta. Gwajin tiyo ya fi awon rula gaskiya, domin yana tona fulot mai nauyi da allurar da ba ta rufewa sosai: idan man cikin tiyo ya tsaya sannan ya ci gaba da hawa sannu a hankali, allura na yoyo. Inda awo biyun suka saɓa, tiyo ake bi.

Bambancin kamfanoni

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowace kafireta. Honda CB750 da ta fito a 1969 da kafiretocin Keihin guda huɗu ana sa fulot ɗinta a milimita 26, amma samfurin ƙarshen shekarun 1970 ya zo da wata kafireta daban mai lambar da ta kusan rabin wannan. Yamaha XS650 ta fi nuna yadda abin yake: kafiretar Mikuni BS34 ta 1980 mai fulot na tagulla tana neman milimita 27 da ɗan ɗori, ita dai wannan kafireta da aka sa wa fulot na roba daga 1981 tana neman kimanin 22. Babur ɗin da ya shekara arba'in yana hannun mutane ba lallai kafiretar da ke jikinsa ita ce ta asali ba, don haka lambar da aka buga a jikin kafireta da irin fulot ɗin da ke ciki sun fi shekarar babur amfani wajen neman awo.

Kafiretocin Bing na baburan BMW masu silinda biyu ba sa buƙatar rula, ana so ne fulot ya yi layi ɗaya da leɓen kafireta a daidai lokacin da mai ya yanke. Amal Concentric kuwa fulot ɗinta na asali roba ne gaba ɗaya, ba harshen da za a lanƙwasa, sai dai a ɗumama kofi a ɗan matsar da mazaunin allura sama ko ƙasa, har mai ya tsaya tsakanin milimita 4 da 6 ƙasa da bakin kofin. Daga baya an fito da fulot mai harshen ƙarfe da ke shiga wannan kafireta. Ƙananan kafiretocin Keihin da yawa, da kwaikwayonsu da ake yi a Sin, su ma fulot ɗinsu roba ce zubi ɗaya. Idan awo bai yi daidai ba, ana canza fulot ko allura ne.

Laifin da ake ɗora wa fulot

Tsayin fulot ba ya canza kansa sai an lanƙwasa shi, ko allura ta ci, ko an sa wadda tsawonta ya bambanta da ta asali, abin da ke yawan faruwa da kayan gyara masu araha. Mafi yawan ambaliya daga wani wuri take. Ƙwayar tsatsa ɗaya daga tanki ta isa ta hana allura zama. Bakin allura yana yin zobe inda ya daɗe yana gugar mazauni. A kafiretocin da ake cusa mazaunin da zoben roba, zoben yana bushewa, mai ya riƙa zagaye allura ta gefe ko tana rufe. Siririn bututun ambaliya na tagulla da ke tsaye cikin kofi yana tsagewa a tsaye, ya riƙa ɗiga ko da mataki daidai yake. Fulot na tagulla yana hujewa a wurin dalma, kuma ana gane shi idan an girgiza aka ji motsin ruwa, ko a nutsa shi a ruwan zafi a ga kumfa na fita. Man da aka gauraya da etanol yana lalata wasu tsofaffin robobi, ya kuma jawo laima cikin kofi.

A duk waɗannan, danna harshe don yoyo ya tsaya yana ɓoye cutar ne na ɗan lokaci, ya bar babur da ƙarancin mai a kan gudu. Haka ma rage mai a kofi da gangan da sunan tsimi: abin da aka rage a gidan mai yakan koma wajen sayen fistan.

A babur mai kafireta biyu ko huɗu, kowace tana ciyar da silindarta, don haka daidaituwarsu da juna tana da muhimmanci kamar lambar kanta. Idan fulogi ɗaya ya yi baƙi sauran suna da kyau, kofin wannan silinda ake fara dubawa. Sai an gama da fulot ake saita sukurun iska da daidaita buɗewar totur ɗinsu.

A Najeriya da Nijar

Dokokin hayaƙi sun kori kafireta daga yawancin sababbin babura a Turai da Japan, Indiya ma ta bi sahu da ƙa'idar da ta fara aiki a Afrilun 2020. Amma baburan da 'yan acaɓa da 'yan kabu-kabu da manoma ke hawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da ire-iren Honda CG125 da ake kwaikwaya a Sin, yawancinsu masu kafireta ɗaya ne. Abin da ya fi damun allurarsu shi ne datti: ƙurar hunturu, tsatsar tanki, da man kwalba da ake saye a bakin hanya, wanda kan zo da laka ko ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin kofi daidai inda babban jet ke sha. Ƙaramar matatar mai a kan tiyo, da tsiyaye kofi lokaci-lokaci, da rufe makunni idan an ajiye babur, suna rage yawan buɗe kafireta. Idan za a buɗe ta kuwa, ana yi ne inji ya huce, a sarari, nesa da garwashi da taba, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da wuta.